Ƙumba a Ruwan Kwamin Tarwaɗa: Littafin Aiki daga Yelwan Yawuri

14 ga Oktoba, 2024

Kwami biyu na tarwaɗa gare ni a bayan gida, kuma kamar kowane mai kiwon kifi, ba na daɗewa ban sauya musu ruwa ba. Ruwan da nake zubarwa kore ne shar. Yana bin lambatu ya gangara wani kududdufi a ƙasan unguwarmu, wanda in damina ta kankama yake haɗewa da fadama, fadamar kuma ta miƙa shi ga Kwara. A 'yan shekarun nan masu kwami sun ƙaru a unguwar, kududdufin kuma ya canza. Gansakuka ta lulluɓe shi, da bazara wari ya kori masu zama a gindin itatuwan bakinsa. Yara kuwa ba su fasa shiga ba.

Ga lissafin da ya hana ni sakat. Buhun abincin tarwaɗa mai kilo 15, irin wanda aka rubuta furotin kashi 42 cikin 100 a jikinsa, yana ɗauke da furotin kilo 6 da 'yan kai. Kashi 16 cikin 100 na furotin naitirojin ne, kusan kilo guda ke nan a kowane buhu. Abin da kifi ke riƙewa a jikinsa bai wuce kwata zuwa sulusi ba. Saura yana fita cikin ruwa, a kashi da amoniya da abincin da ba a cinye ba. In aka mayar da shi ma'aunin manomi, duk buhun da na zuba wa kifi na zubar da kwatankwacin yuriya kilo ɗaya da rabi a lambatu, a ƙasar da manoman shinkafa ke kukan tsadar taki.

Tunanin gwada ƙumba, dabbar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke tace ruwa, ya zo mini daga karatun da na yi a kan tafkunan bakin teku, irin ruwan nan mara zurfi da tudun yashi ya raba shi da teku, sai ƙofa ɗaya ko biyu da ruwan gishiri ke shiga yana fita. Na Legas ɗaya ne daga cikinsu. Duk abin da koguna suka kwaso daga gonaki da garuruwa a nan yake yada zango, kuma da yake ruwan ba ya saurin sauyawa, taki yana taruwa a cikinsa. A Faransa da Italiya ana kiwon ƙumba da kawa, 'yar'uwarta mai manne wa abu mai tauri, a irin waɗannan tafkuna, masana kuma sun daɗe suna auna abin da kiwon ke yi wa naitirojin da fosfaras na ruwan. Mu a Kebbi ba mu da teku, amma muna da ƙumba a gulbi da fadamu, muna da ruwan da taki ya yi wa yawa. Abin da nake son sani shi ne, in ƙumba ta tace ruwan kwamina, ina takin da ke ciki yake zuwa?

3 ga Nuwamba

Na gangara wurin wani dattijo Basarke, abokin mahaifina, wanda tun muna yara Baba muke ce masa. Na same shi yana gyaran koma. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Ɗana, mi za ka yi da ƙumba? Ci za ka yi?"

"A'a Baba, ruwa nake so ta wanke mini."

"To ba cikin gulbi ba yanzu. Ruwa ya cika, kuma baƙin ruwa na tahe. Sai dai mu bi tabkunan fadama da sunka fara janyewa."

Kwara a wajenmu cika biyu take yi. Farin ruwa na damina ne, mai ɗauke da laka, daga ruwan saman yankinmu. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya daɗe yana ratsa dausayin Mali, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso mana a lokacin hunturu. Ga kuma madatsar Kainji da aka gama a 1968, wadda ke riƙe ruwa har ya dawo baya zuwa gaɓarmu. Don haka a wannan wata gindin gulbi ya yi wa mai lalube nisa.

Mun bi fadama, muna taka laka da tafin ƙafa har mu ji abu mai tauri. Baba ya kafa mini sharaɗi: wadda take bisa laka in ɗauka, wadda ta nutse in bar ta, don ita ce iri. Ya ce in tafki ya ƙafe tana binne kanta ta rufe ɓawonta gam ta jira damina. A hanyar dawowa ya nuna mini kawa manne a jikin wani dutse. Ita ba ta ɓanɓaruwa sai an fasa ta, saboda haka ba ta cikin wannan aiki.

24 ga Nuwamba

Tankunan roba uku na jera a gefen kwami, masu cin lita 1,000, an yanke musu kai. A gindin kowanne na shimfiɗa yashi da lakar fadama, kaurin taƙi guda. Na farko babu ƙumba, shi ne ma'auni. Na biyu guda 20. Na uku guda 80, da gangan aka cunkusa shi. Ruwan da ake zuba musu iri ɗaya ne, kashi ɗaya na kwami, kashi uku na rijiyar burtsatse, ana kwashe kaɗan ana ƙarawa duk mako. Sirkawar dole ce, domin ƙumbar ruwan daɗi ba ta jure amoniya yadda tarwaɗa ke jurewa. Saboda ita ne ma hukumar kare muhalli ta Amurka ta sake tsara iyakar amoniya a ruwan koguna a 2013. Ban sa injin hura iska ba, tun da maƙwabtan da nake fatan su amfana ba su da shi.

Kayan awo ba su da yawa: ma'aunin zafi, da 'yan kwalaben gwajin ruwa na masu kiwon kifi, waɗanda ake ɗiga magani a duba launi, sai murfin bokitin fenti da muka shafa wa fari da baƙi muka ɗaure a sanda. Ana nutsar da shi har ya ɓace wa ido, a auna zurfin. Ɗan yayata da ke sakandare shi ne mai rubutu.

Da la'asar na jingina da bakin tanki na biyu ina kallo. Ƙumba tana fito da wani farin nama mai taushi ta cusa shi cikin yashi, ta ja jikinta a hankali har ta tsaya a karkace, rabi a binne, ta bar layi a bayanta. A gefen da ya rage a waje sai ɓawon ya ɗan buɗe, ƙofofi biyu su bayyana. Na barbaɗa ɗan garin gero kusa da su. Ƙwayoyin suka bi layi suka shige ta ɗaya, ta ɗayar kuma ruwa na fitowa da ƙarfin da yake motsa yashi. Da inuwar hannuna ta gifta, sai ta rufe.

15 ga Disamba

Hunturu ya sauka, ruwa ya yi sanyi, aikin ƙumba ya ɗan ragu, amma bambancin tankunan a fili yake. A na farko murfin yana ɓacewa kafin ruwa ya kai gwiwar hannu. A na biyu sai ya kusa ƙasa. A na uku ana ganin yashi da kowace ƙumba ɗaya-ɗaya. Yaron ya yi ta murna: "Kawu, ai aiki ya yi!" Na ce masa ya sunkuya ya dubi gindin tankin.

Abin da ke sa ruwan kwami kore wasu mitsi-mitsin tsirrai ne da ke yawo a cikinsa, kuma da amoniya da fosfaras suke girma. Ƙumba tana zuƙo ruwa ta bi da shi ta gaɓoɓin numfashinta, tsirran da ƙura su maƙale. Abin da take so ta haɗiye, ta yi kashi. Abin da ba ta so, ko wanda ya yi mata yawa, sai ta dunƙule shi da yauƙi ta tofar ba tare da ya shiga cikinta ba. Duka biyun suna da nauyi, ƙasa suke sauka. A tanki na uku ga su nan, sili-sili masu ruwan ƙasa, sun taru a gaban kowace ƙumba, sun fara rufe yashi.

Ƙarfin tacewar irin waɗannan halittu ba ƙarami ba ne. Babbar kawar gabashin Amurka tana iya tace har kusan lita 190 a yini in komai ya yi mata daidai, ko da yake a ainihin ruwa ba ta cika kai haka ba. A 1988 wani masani mai suna Roger Newell ya ƙiyasta cewa kafin 1870 kawar da ke mashigin Chesapeake tana iya tace ruwan mashigin gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 6, amma wadda ta rage a zamaninsa sai ta kusa shekara. Wannan ƙiyasi shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki kawa maganin gurɓataccen ruwa. Abin da na gani yau ya fi kama da mai share tsakar gida ta tara sharar a bayan ƙofa: tsakar gida ta yi fes, shara kuwa ba ta bar gidan ba.

12 ga Janairu, 2025

Gwajin amoniya ya nuna abin da ido ba ya nunawa. Kwalbar tanki na farko, mai koren ruwa, ta tsaya a ruwan ɗorawa, alamar amoniya kaɗan ce. Ta biyu ta ɗan sirka da kore. Ta uku, wadda aka ɗebo daga ruwan da ya fi kowanne haske, ita ta fi rinewa. Mun sake da sababbin kwalabe, haka ya fito.

Dalili biyu ne suka haɗu. Ƙumba dabba ce, in ta ci ta narkar, amoniya take fitarwa kai tsaye cikin ruwa. Sannan tsirran da da su ne za su shanye amoniyar, ta riga ta cinye su. Ga kuma tarin kashin da ke ƙasa yana ruɓewa yana ƙara tasa. Naitirojin da ke ƙulle a jikin tsirrai ya koma narkakke, irin wanda kowace gansakuka ta fi saurin sha. Ba a daɗe ba kuwa sakamakon ya bayyana: da yake hasken rana yana kaiwa ƙasa yanzu, gansakuka mai zare-zare ta kama bangon tanki na uku, wadda ƙumba ba ta iya ci.

Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a Sacca di Goro, wani tafkin bakin teku a inda kogin Po ke shiga teku a Italiya. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 26, zurfinsa bai fi mita ɗaya da rabi ba a mafi yawan wurare. A shekarun 1980 aka kai masa wata ƙumbar teku 'yar asalin Asiya mai binne kanta a yashi, kiwonta ya zama abin dogaron mutanen wurin. Masu bincike sun tarar lakar da ake kiwo a kanta ta fi ta sauran wurare shan oksijin, ta kuma fi fitar da amoniya da fosfaras. Tafkin ya sha fama da wata gansakukar teku mai faɗin ganye da ke cika shi da zafi, ta mutu ta ruɓe ta ƙwace iskar ruwan. Asalin takin daga gonakin kwarin Po yake, ba ƙumba ce ta kawo shi ba. Ita dai ta ƙara masa saurin juyawa tsakanin ruwa da laka.

2 ga Fabrairu

Yau laka muka duba, kuma a ganina a nan dukan maganar take. Na yanke gindin gorar roba mai haske na kafa ta cikin lakar kowane tanki, na toshe baki na zaro a hankali don hawa-hawan su fito yadda suke.

A tanki na biyu saman lakar ruwan ƙasa ne mai haske, kaurin kusan yatsa, ƙarƙashinsa toka-toka mai duhu. Babu wari. A wuraren da ƙumba ta ratsa, launin mai haske ya nutsa ƙasa ya bi sawunta. A na uku hasken ɗan siriri ne, bai kai kaurin farce ba, daga nan sai baƙi ƙirin, kuma da na kusanto da shi hanci na ji alamar warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Launin nan labarin oksijin yake bayarwa. A inda iskar ta ratsa laka akwai ƙwayoyin bakteriya masu mayar da amoniya naitiret. Ƙasa kaɗan, inda iskar ta ƙare, akwai wasu masu karɓar naitiret ɗin su mayar da shi iskar naitirojin, ta tashi ta bar ruwan ta shige sararin sama, wanda da ma kashi 78 cikin 100 nasa naitirojin ne. Wannan ita ce ƙofar da taki ke fita daga tafki ba tare da kowa ya ɗauke shi da hannu ba, kuma ba ta buɗuwa sai hawa biyun nan suna maƙwabtaka, mai iska a sama, mara iska a ƙasa. Kashin ƙumba daidai gwargwado yana ciyar da ƙwayoyin, motsinta a laka yana kai musu ruwa mai iska. In kashin ya yi yawa kuwa, ruɓewarsa tana cinye iskar kaf, hawan sama ya ɓace, iskar salfa mai warin nan ta taso ta hana ƙwayoyin farko aiki. Daga nan amoniya ba ta da inda za ta sai komawa cikin ruwa.

Fosfaras shi ba ya zama iska ko kaɗan. Muddin saman laka yana da oksijin, ƙarfen da ke cikin lakar yana riƙe shi. Ranar da iska ta yanke sai ya sake shi.

23 ga Fabrairu

Babu sabon abu. Sanyi ya fara ja da baya. Gansakukar tanki na uku ta ƙaru, ba mu taɓa ta ba.

16 ga Maris

Azumi ya zo da zafi, ya kuma sauƙaƙa mini awon asuba, tun da ina tashi sahur. Asuba ce lokacin da ruwa ya fi ƙarancin iska, domin tsirrai da rana suke samar da oksijin, da dare kuwa su da ƙumba da ƙwayoyin laka duk sha suke yi. Ga zafi: ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7 da rabi, alhali a lokacin ne kowace halitta ta fi buƙata. Da na haska tocila a tanki na uku bayan sallar asuba, ƙumba da yawa sun fito daga yashi sun kwanta a gefe, ɓawo a buɗe fiye da yadda suka saba. Na biyu suna nan a binne.

Ina sake karanta labarin tafkin Thau, kusa da garin Sète a kudancin Faransa, mai faɗin hekta kusan 7,500. Ana rataye kawa da ƙumba a igiyoyi daga wasu tebura da aka kafa cikin ruwa, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na kawar Faransa daga nan take fitowa. Tun shekarun 1970 aka yi ta gyara matatun ruwan ƙazantar garuruwan da ke kewaye, taki ya ragu, ruwan ya gyaru, har masu kiwo suka fara damuwa ko abincin kawa zai isa. Abin lura gare ni shi ne, gyaran daga tudu aka fara shi, daga inda takin ke fitowa.

20 ga Afrilu

Tanki na uku ya mutu a daren Juma'a. An yini ana zafi babu iska, dare ma bai huce ba. Da asuba warin ya tarye ni tun daga ƙofar baya. Ruwan da ya yi wata huɗu yana ɗaukar ido ya koma fari-fari, gansakukar bango ta saki ta yi laushi, kumfa na tasowa daga laka. Fiye da rabin ƙumbar sun wangale, ka taɓa ba sa rufewa. Kwalbar amoniya ta kai ƙarshen launin da ke jikin takarda. Muka tsame masu sauran rai muka sa a ruwan burtsatse, da yamma Baba ya kai su gulbi a jirginsa. Bai ce komai ba sai da ya gama jera su, sannan ya ce, "Ɗana, abin ruwa ba ya son a matse shi."

Tanki na biyu, mai nisan taku ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, ko guda bai rasa ba.

Na san cunkoson zai kai ga haka, don shi aka kafa tankin, amma ganin rayukan nan a wangale bai yi mini daɗi ba, kuma ba zan sake kafa irinsa ba. A Thau ma haka take faruwa in zafi ya tsananta iska ta tsaya: oksijin ya ƙare daga ƙasa, salfa ta taso, ruwa ya yi fari, abin da ke rataye a igiya ya mutu. An yi babba a 2006, an sake yi a 2018, masu kiwo suka yi asara mai yawa. Kuma kowace dabbar da ta mutu tana mayar wa ruwa dukan takin da ta tara, ta ƙara wa ruɓewar ƙarfi.

Akwai bidiyon da ke yawo a Facebook, akwatin gilashi biyu masu dattin ruwa, ɗaya da kawa ɗaya babu, cikin sa'o'i na kawar ya yi garau. Gaskiya ne abin da ke ciki, na gani da idona. Sai dai an tsayar da ɗauka da wuri. Wanda zai kashe kuɗinsa bisa wannan bidiyo ya kamata a nuna masa gindin akwatin bayan wata huɗu, a watan Afrilu.

11 ga Mayu

Ƙofa ta biyu da taki ke fita ita ce girbi. In aka ciro kawa aka kai kasuwa, naitirojin da fosfaras da suka gina namanta da ɓawonta sun bar ruwan har abada. A ƙumbar teku naitirojin yana kai kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyinta ɗanya. In na ɗauki wannan ma'auni, kafin a cire abin da buhu ɗaya na abincin tarwaɗa ke zubarwa, sai an girbe sabuwar tsoka da ɓawo na kusan kilo 70. Muka ciro na tanki na biyu muka gwada da zaren da muka auna su da shi tun farko. Ƙarin da suka yi ɗan siririn layi ne a bakin ɓawo. Ta wannan ƙofa ba za mu fita ba.

A bakin teku lissafin daban ne. Kawar da ake kiwo tana isa sayarwa cikin shekara 1 zuwa 3, 'ya'yanta suna yawo a ruwa su manne wa duk abu mai tauri da aka ajiye musu, ga masu saye. A Gambiya matan da ke ɗiban kawa suka kafa ƙungiyar TRY a 2007, a 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon kula da kawar dausayin Tanbi kusa da Banjul, su kuma suke rufe ɗiba mafi yawan shekara don ta girma. Tamu ta ruwan daɗi girmanta a hankali yake, kuma 'ya'yanta sai sun maƙale a jikin kifi na ɗan lokaci kafin su faɗo ƙasa su zama ƙumba. Ba a samun iri sai da kifin da ya dace. Duk wanda ya ce zai cika ramuka da ita, fadama zai kwashe, kuma ba zan goyi bayan haka ba.

Wani maƙwabci mai kajin ƙwai ya nemi in ba shi matattun ya daka wa kaji, tun da ɓawon kawa da ma yana cikin abin da ake haɗa musu don ƙarfin ƙwai. Na hana shi. Mai tace ruwa yana tara gubar ruwa a jikinsa, shi ya sa tun 1986 Amurka ke amfani da ƙumba da kawa wajen auna gubar gaɓar tekunta. Mu kuwa ana haƙar zinariya a ƙasar Yawuri, kuma ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Sai an gwada a ɗakin bincike kafin wani abu daga cikinsu ya shiga abincin kaza ko na mutum.

1 ga Yuni

Na zauna da masu kwami na unguwarmu bayan la'asar, na nuna musu gorunan laka da littafin yaron. Abin da ya fi jan hankalinsu lissafin yuriya ne, kuma a kansa muka tsara zango na biyu.

Za mu haƙa rami mai tsawo mara zurfi tsakanin kwamina da lambatu, a raba shi gida biyu. A na farko ruwan kwami zai kwana, datti mai nauyi ya zauna. A na biyu za a sa ƙumbar tanki na biyu, bisa tazarar da suka rayu da ita, a yi musu rumfar zana saboda rana, ruwa kuma ya riƙa gudana a hankali maimakon tsayawa. Aikinsu shi ne sauko da koren ruwa ƙasa, inda shebur zai same shi. Duk wata za a kwashe saman lakar tun bai yi baƙi ba a kai lambu, ruwan da ya fita kuma ya bi ta kwalin alayyafo da yakuwa kafin ya kai lambatu. Ta haka takin da ƙumba ta tara zai bar ruwa da hannunmu, ya je inda ake neman sa.

Na ware ɓawo na kowane iri da muka samu, zan aika Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa don a tantance su, in kuma nemi shawarar inda za a gwada dalma. Baba ya yarda waɗanda ke hannuna su ƙara damina ɗaya, bisa sharaɗin in farin ruwa ya janye a mayar da su tafkin da aka ɗebo su. Haƙa sai bayan Babbar Sallah. Awo na gaba ranar 22 ga wata, in Allah ya kai mu.